Auren Kankana da Duma a Shekarar Fari

Bana ruwa ya ɗauke mana tun gero bai fid da kai ba. Da rana ganye ya naɗe kamar an murza shi a tafin hannu, da yamma ya ɗan saki, washegari ya sake naɗewa. Ranar kasuwar Sabon Birni da ta wuce na hau bayan babur na je neman irin kankana, don na riga na ga inda shekarar ta dosa, sai dai fadama. A rumfar masu iri na tarar da wani mutum ya jera 'yan dashe a farantin roba mai ramuka, kowanne da ɗan maƙalin roba a wuya. Ya ce kankana ce mai aure, saiwar duma ce a ƙasa, kan kankana a sama, ba ta jin ciwon ƙasa, ba sai an zuba wa gona magani ba. Na ɗaga ɗaya na duba wurin haɗin. An yi shi da tsabta, ya fi irin namu na da kyau nesa. Na mayar masa da abinsa, na sayi abin da na zo saye, na koma gida. Tun daga ranar wata shekara take ta dawo mini a rai, shekarar fari, wadda yanzu ta haura shekara talatin.

A lokacin ni da yayana Arzika gandu ɗaya muke, a ƙauyenmu da ke bakin gulbi tsakanin Sabon Birni da Isa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Arzika ne ya riƙe ni, shi ya koya mini riƙon hauya, shi ya nema mini auren matata Tumba. Gida ɗaya ne, zana ce kawai tsakanin sashena da nasa. Innarmu tana wajensa, ga 'ya'ya da yawa. Ni kuwa 'ya'yana biyu ne mata, ƙanana. Gonar tudu da fadamar da baba ya bari ba a taɓa raba su ba, ban kuma taɓa tunanin a raba ba. Abin da Yaya ya ce shi ake yi, kuma hakan bai taɓa yi mini nauyi ba.

Damina ta fara da kyau, abin da ya yaudare mu ke nan. Ruwan shuka ya sauka da wuri, muka shuka gero da dawa, muka bi da wake. Muka yi noman firi ƙasa tana ƙamshi, muka yi maimai gero ya kai gwiwa, kore shar. Daga nan ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi, iska mai sanyi ta kaɗa, mata su fito da tukwane su jera a ƙarƙashin indararo, sai hadarin ya watse, ko ya zarce yamma ya bar mu da ƙamshin ruwan wasu. Aka fita roƙon ruwa, manya da yara, aka dawo cikin rana tsaka. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Gero ya fid da kai don dole, in ka murza zangarniya a hannu sai ƙaiƙayi ya tashi, ba ƙwaya. Gulbin da muke tsallakawa da kwalekwale a daminar kirki, a shekarar awaki ne ke yawo a cikinsa suna neman abin tsinka.

Abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Yaya ya raba shi gwargwadon bakunan kowane sashe, muka fara ja da shi. Da farko aka daina tuwon rana. Daga baya fura ta koma ruwa-ruwa, kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinta. Tumba takan fita da sauran mata tun da sanyin safiya su tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Da ganye ya ƙare a kusa sai aka koma ga anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin su ciyu. Ko an sauya ruwan sau nawa, ɗacin yana maƙale a maƙogwaro har washegari. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shirun garin. Ƙauyen da tun asuba ake jin luguden turmi ta ko'ina, sai ka wayi gari ba ka ji ko ɗaya ba. Samari suka watse cin rani. Fulanin da ke mashekari a arewa da mu suka bi ta bakin gulbi suka yi kudu, shanunsu ƙashin ƙugu a waje, wadda ta kwanta a hanya a nan ake yanka ta.

Fadama ce kaɗai ta rage, ita kuma tana da nata ciwon. Kankana ce abin da ya fi karɓar ta tun zamanin baba, ita ce kuma ke da kasuwa da bazara. Amma shekara biyu a jere muna shuka ta tana mutuwa. Za ta fito lafiya, ta yi yaɗo, ta fara fure, sai ka ga da rana ta yi yaushi ko da ka shayar da ita da safe. Kwana kaɗan ta bushe. In ka tsaga karan sai ka ga cikinsa ya yi ja-ja kamar tsatsa. Ba mu kaɗai ba ne, duk masu fadama a jerinmu haka. Mutane suka ce ƙasar ce ta kamu.

A wannan shekarar ne wani Alhaji mai fataucin hatsi a Sabon Birni ya fara yawo a fadamu da magani a jarkoki. Ana zuba shi a ƙasa, a bi da ruwa, a rufe da baƙar leda har tsawon makonni, duk abin da ke cikin ƙasar ya mutu, mai cuta da mara cuta. Ba sayar da maganin yake ba, don ya san ba mai iya saye. Fadamar yake karɓa ta rani ɗaya, ya zuba maganinsa, ya shuka kankanarsa, ya ba mai ƙasa hatsi, in yana so kuma ya ɗauke shi aiki a cikinta. Da maganar ta zo gidanmu, a zaure muna zaune, Yaya ya ce shi ba zai zama ɗan ƙodago a ƙasar ubansa ba, ko da anza za a ci har damina. Na ji daɗin maganar, don abin da ke raina ke nan.

Ana cikin haka kawun Tumba, Nomau, ya iso daga ƙetaren iyaka ta wajen Burkusuma, yana kore da 'yan awakin da suka rage masa. Tsoho ne mai ƙarancin magana, ya yi shekaru yana aiki a wata garkar mangwaro, wato lambu, a can. Ya sauka wajenmu kafin ya ga abin da hali zai yi. Wata rana na kai shi fadama ya ga inda muke fama. Ya daɗe yana kallon wani duma da ya fito da kansa a gefen tsohuwar rijiya, ganyensa fala-fala, a daidai inda kankana ta mutu bara. Ya tona gindinsa da yatsa ya duba.

"Ciwon ga saiwa yake, ba ga ganye ba," in ji shi. "In saiwar kankana ba ta iya zama cikin ƙasar ga, sai a ara mata ta duma."

Ya ce yadda ake yi wa mangwaro aure, shi girefi yake ce masa, haka ya ga ana yi wa kankana a garkar da ya yi aiki. Bai ɓoye mana ba cewa shi kansa kaɗan ya taɓa yi, kuma ba duka ke kamawa ba. Da na kai wa Yaya maganar ya ce a gwada, ba abin da za a rasa. Muka raba aiki. Ni da Tumba da Kawu mu yi renon dashe a gida, ni da Yaya kuma mu zurfafa rijiyar fadama, don ta kusa ƙafewa.

Irin duman na Tumba ne. Sana'arta ke nan, takan shuka duma a bayan gida ta fafe ƙorai ta sayar, tana da iri a ƙulle cikin tsumma a gindin tukunya. Ta kwance duka ta bayar. Muka bi gari muna tsintar gwangwanayen madara da na tumatir, da sakaina, da fasassun kasake. Muka ɗebo yashin gulbi muka gauraya da takin awaki. Aka fara shuka duma, bayan 'yan kwanaki aka bi da kankana, don su tashi kusan tare. Lokacin sanyi ya fara sauƙi amma bai tafi ba, saboda haka da yamma sai mu kwashe su mu shigar ɗaki, da hantsi mu fito da su rana.

Da kowanne ya buɗe kunnuwansa biyu, wato ganyen farko, Kawu ya zaunar da mu a inuwar ɗaki ya nuna mana. Za ka tsinke ɗan kan da ke tsakanin kunnuwan duma, ka soka ƙayar aduwa a wurin a karkace ka yi ɗan rami. Sai ka yanke kankana daga wuya da sabuwar reza, ka fiƙe karan kamar alƙalami, ka zare ƙayar, ka cusa shi a ramin. Ba ɗauri, ba komai. Abin a ido ba wuya, amma karan bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, kuma ga yunwa tana sa hannu rawa. Ni na fi ɓata su. Kawu ido ya fara gaza masa. Tumba ce ta iya. Takan zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora faifai a cinya, ta riƙe numfashi in za ta cusa, sannan ta sake shi a hankali. Yatsunta duk sun sha yankan reza. In ta gaji ta ɗaga kai ta ce ita dai ba ta taɓa aurar da 'ya'ya da yawa haka a rana ɗaya ba, mu yi dariya. Dariya ta yi wuya a shekarar, shi ya sa nake tuna wannan.

Sabon aure ba ya son rana, ba ya son iska, sai duhu da laima. Muka kwashe kayan ɗakinmu muka bar musu shi, mu muka koma kwana a rumfa da yara. Muka jiƙa buhunan algarara muka rataya a ƙofa da taga. Tumba takan cika baki da ruwa ta fesa musu a hankali, don in an zuba da hannu haɗin zai goce. Ruwan kuwa daga rijiyar gari take jawo shi, wadda sai ka yi dogon jira kafin guga ya kawo rabin laka. Daga cikin na shanmu ake raba musu. Kowace safiya mu shiga mu duba. Wanda ya langaɓe mu fitar, wanda ya tsaya da kunnuwansa a miƙe mu bar shi. Kashin farko fiye da rabi ya mutu. Muka sake shuka, muka sake yi. Kashi na biyu ya fi kamawa. Ranar da na ga sabon ganyen kankana, mai tsaga-tsaga, ya fito a kan gindin duma, na kira Yaya ta kan zana ya zo ya gani. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce ikon Allah.

Da hantsi kuwa muna fadama ni da shi. Ni ke shiga rijiyar, don na fi shi ƙarancin jiki, shi yana sama riƙe da igiya yana jan ƙasa. Ƙasar fadama yashi ce, tana iya ruftawa ba sallama, sai muna yi muna tokare ta da ƙirare. A ƙasa akwai duhu da warin laka, in na ɗaga kai sai in ga kansa a bakin rijiya, rana a bayansa. Ban taɓa jin tsoro ba, don na san wanda ke riƙe da igiyar. In rana ta take mu zauna a inuwar wata giginya mu raba ɗan abin da aka ƙullo mana, sau da yawa ya tura mini nasa ya ce ni ke aikin ƙarfi. Ranar da ruwa ya ɓuɓɓugo ta ƙarƙashin ƙafata, mai sanyi, ya hau har idon sawu, na ɗebo a tafin hannu na sha da lakarsa. Muka kafa jigon jan ruwa a kai.

Muka yi dashe da yamma-yamma, mu duka, har Tumba da matar Yaya sun fito sun taya. Kawu ya ce a kula kada ƙasa ta rufe wurin haɗin, in ba haka ba kankanar za ta fid da tata saiwar ta koma gidan jiya. Ya ce kuma duma zai riƙa ƙoƙarin fid da nasa kan, a riƙa tsinkewa. Da ya ga sun tsaya da ƙafarsu ya kora awakinsa ya koma. Zafi ya fara shigowa. Kullum safe da yamma ina kan jigo, Yaya yana bin ramuka da ruwa. Suka kama ƙasa, suka fara yaɗo, wasu sun kai tsawon hannu. Ba su kai lokacin da ciwon ke kama su ba tukuna, amma ganyensu ya fi na kowace shekara duhu.

A gida kuwa abin ya ƙara tsanani. Geron ya ƙare ƙaf. Muka sayar da tunkiyar Tumba, muka sayi garin rogo, shi ma ya ƙare. Ƙafafun Inna suka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ƙaramin ɗan Yaya cikinsa ya yi tulu, gashinsa ya yi ja. Ina ganin wannan duka, ba za ni ce ban gani ba. Amma ina ganin fadama ma, ina cewa a raina saura kaɗan.

Sai aka aiko daga garin Turba cewa ƙanwar Inna ta rasu. Inna ba ta iya tafiya. Yaya ya same ni a bakin jigo.

"Kai ka tahi ka yi mamu gaisuwa," ya ce. "Ni za ni tsaya in dubi Inna, in ba dashe ruwa."

Na ce to. Na nuna masa waɗanda duma ke yawan tsirowa a gindinsu, na ce ya riƙa dubawa. Ya ce in tafi hankali kwance. Da ƙafa na je, na zauna har aka yi addu'ar uku, na ƙara kwana saboda dangi sun riƙe ni, sannan na kamo hanya.

Hanyar Turba ta bakin fadama take biyowa kafin ta shiga gari, saboda haka can na fara zuwa. Rana ta take, iska ba ta motsi. Tun daga nesa na hango wani abu yana ƙyalli a inda ya kamata in ga kore. Na ɗauka idona ne, don yunwa da rana sukan sa haka. Da na matso sai wari ya tare ni, wani irin wari mai yaji da ke sa ido hawaye. Baƙar leda ce shimfiɗe tun daga bakin rijiya har iyakarmu da maƙwabci, an binne gefunanta da ƙasa. A bakin ledar ga ƙananan kwaɗi da tsutsotsin ƙasa sun fito sun mutu. Yaya yana can gefe da wasu mutum biyu da ban sani ba, suna danne inda iska ta ɗaga. Da ya gan ni ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya tako. Ya fara tambayata hanya da mutanen Turba. Na katse shi.

"Yaya, ina dashenmu?"

Ya nuna da haɓa. A gindin giginyar da muke cin abinci aka tara su, an tuge su da saiwa, rana ta gama da su. Na ɗaga ɗaya. Wurin haɗin ya warke sumul, sai ɗan tabo, da ƙyar za ka gane inda duma ya ƙare kankana ta fara.

"Mi ya hana ka jira in komo?"

"Da na jira ka, da ka ƙiya," ya ce. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. "Ka ga ƙafar Inna. Ka ga ɗiyana. Wagga kankana sai yaushe ta nuna, in ma ta nuna? Hatsin Alhaji yau shina cikin gida."

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da zuciyata ta sauka da wuri, don maganarsa ba ƙarya ba ce. Amma da ya koma wajen ledar, ɗaya daga cikin mutanen Alhajin ya zo shan ruwa a jigo, bai san ko ni wane ne ba. Ya yaba rijiyar. Ya ce ai tun ana tsakiyar haƙarta maigidansu ya zo ya gani, wata ranar da ya ratso daga kasuwa, ya ce wa mai fadamar in dai aka cim ma ruwa zai karɓa, in ba ruwa ba ciniki. Ya ce sun ma so su fara tun tuni, mai fadamar ne ya ce a dakata sai ƙanensa ya yi wata tafiya.

Na zauna a bakin rijiyar. Ashe tun ina can ƙasa cikin laka ina kallon kansa a sama, maganar tana cikinsa. Ashe ranar da ya tsuguna a ɗakina yana kallon sabon ganye, da ranar da matan gidan suka fito dashe, ya san inda abin zai ƙare. Ya bar Tumba ta yanka yatsunta, ya bar mu muna raba ruwan shanmu da gwangwanaye, ya tura mini abincinsa a gindin giginya. Na sha juya abin a raina. Mai yiwuwa a lokacin shi ma bai yanke ba, yana riƙe da hanya biyu ne ya ga wadda za ta ɓulle. Amma ni hanya ɗaya ya nuna mini.

A gida na tarar da Tumba zaune a ƙofar ɗaki da kwano a gabanta. Ranar da aka tuge dashen matar Yaya ce ta faɗa mata ta kan zana, tana kuka. Tumba ta yafa mayafi ta tafi fadama ita kaɗai, ta tsinto waɗanda ba su gama mutuwa ba ta sa a ruwa. Ba wanda ya tashi a cikinsu, amma ta ƙi zubarwa. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba, ni ma ban tambaye ta komai ba. Can ta ce irin dumanta ke nan duka, ko na shukar bana ba ta rage ba.

Da la'asar aka miƙo masaki cike da gero ta kan zana. Tumba ta dube ni. Yaran nan biyu suna tsaye suna kallon masakin, ba sa ko ƙiftawa. Na kau da kai, ita kuma ta karɓa. Ba a jima ba na ji turmi yana amsawa a sashena da na Yaya a lokaci guda. Na ci tuwon. Ba za ni ɓoye ba, har na suɗe kwano. Kumburin Inna ya fara sauka bayan 'yan makonni, yaron Yaya ma ya tashi.

Alhajin ya aiko cewa akwai aiki in ina so. Na ƙi. Na riƙa zuwa Isa ina yin tubali da ɗaukar kaya a kasuwa, in dawo da abin da ya samu. Yaya shi ya zauna a fadamar yana ja wa kankanar Alhaji ruwa da jigonmu. Muna gaisawa da safe, muna sallah sahu ɗaya, amma na daina zama a zaure. Da damina ta kewayo na je wajen dattawan gari na ce a raba mana gado. Mutane suka yi ta mamaki, wasu suka ce yunwa ta wuce, me ya rage kuma. Ban yi wa kowa bayani ba. A rabin da ya zama nawa na sake yin auren a shekarun da suka biyo, da irin duman da Tumba ta roƙo wajen 'yan'uwanta, ya kuma kama, kankana ta wuce lokacin ciwonta ta yi 'ya'ya. Amma a waccan shekarar ba wanda ya san za a yi haka, har ni.

Maganin Alhaji ya yi aiki. Da bazara ta tsananta, lokacin da ko inuwa zafi take, fadamarmu ta cika da kankana manya-manya, motoci suna zuwa har bakin gulbi suna lodi. In za ni Isa sai in zagaya ta bayan gari don kada in gani.

Wata rana da azahar na dawo na tarar da Yaya zaune a zaure, da kankana ɗaya a gabansa. Ya ce daga cikin rabon da Alhaji ya ba shi ne, a kai wa yara. Na ɗauka na shiga da ita, tana da nauyi, ɓawonta da ɗumin rana. Tumba ta tambaye ni ko ta yanka. Na ce ta yanka. Wuƙa na taɓa ta ta tsage da kanta, ja wur, ruwa yana bin faifai. Yara suka sa hannu. Tumba ta miƙo mini yanki ɗaya. Allah ya sani, so na yi in ji ta da ɗaci, ko lami, ko da warin maganin nan, in sami abin da za ni fita in faɗa masa. Na gatsa. Ban taɓa shan kankana mai zaƙinta ba. Muka cinye har farin, ɓawon ma Tumba ta yayyanka ta ajiye don miya.

Da na fito wanke hannu na ga har yanzu yana zaure, bai tafi ba. Ya ɗago kai yana dubana.

"Ta yi zaƙi," na ce.

"Alhamdu lillahi," ya ce.

Ya ɗan ƙara zama kamar mai jiran wata magana, ko mai neman ta inda zai fara tasa. Ni ma na tsaya. Daga nan aka kira sallah, ya ɗauki butarsa, na ɗauki tawa. Mun yi shekara ashirin da wani abu bayan wannan a gida ɗaya, zana ɗaya a tsakaninmu, ni na yi masa wanka ranar da ya rasu. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.